Man Birki a Filin Tsere: Hira Daga Magazin na Suame

SADIYA: Assalamu alaikum masu sauraro. Yau muna Kumasi, cikin Magazin na Suame, unguwar makanikai da masu kayan mota, a rumfar Masta Idi, don haka ku yi haƙuri da ƙarar guduma. Nuhu ma yana tare da mu. Masta, ina wuni?

MASTA IDI: Lafiya lau, 'yata. Sannunku da zuwa.

SADIYA: Samarinmu masu shirya mota don tsere, kuɗinsu a inji da taya yake ƙarewa. Ba kasafai ake jin suna zancen man birki ba.

NUHU: Yaya Sadiya, muna yi fa. Ni idan zan saya, kwalbar da ta fi babbar lamba nake ɗauka. Na ga an rubuta 300 da wani abu, shi ke nan.

MASTA IDI: To ɗana, lamba biyu ce a jikin kwalbar, kai ka karanta ɗaya. Ta farko zafin da man zai tafasa ne yana sabo, ruwa bai taɓa shi ba. Ta biyu kuma zafin da zai tafasa bayan ya sha ruwa, wajen kashi 3.7 cikin ɗari. Ma'aikatar sufuri ta Amurka ce ta sa ma'aunin, shi ya sa ake rubuta DOT, gajeren sunanta a Turance. DOT 3 dole ya kai digiri 205 na ma'aunin Celsius yana sabo, 140 idan ya jiƙe. DOT 4 kuwa 230 da 155. DOT 5.1, 260 da 180.

SADIYA: Tsaya, Masta. Ta ina ruwa yake shiga? Ai a rufe yake.

MASTA IDI: Man ne da kansa yake jawo shi. Kin ga yadda gishiri yake narkewa a kwano da damina ba wanda ya zuba masa ruwa? Haka man birki yake, daga iska yake tsotsar laima. Yana shiga ta murfin tankin, yana ratsa tiyon roba a hankali. Mu kuma nan Kumasi damina biyu muke yi a shekara, iskarmu a jiƙe take in ba lokacin hunturu ba. Saboda haka lambar nan ta biyu ita ce tamu.

NUHU: Amma ɗan ruwa kaɗan, har ya hana mota tsayawa?

MASTA IDI: A cikin gari ba za ka sani ba. Ka taka a Sofoline, ka taka a Kejetia, tsakani birki yana hucewa. A filin tsere babu hutu: ka zo a guje, ka danne, ka saki, kafin ya huce ka sake dannewa. Zafin faifan birki ya bi fad, wato takalmin da ke matse faifan, ya shiga kalifa, mariƙin fad ɗin, inda man yake zaune. Da ya tafasa sai ya zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa, mai ba ya matsuwa. Sai ka taka feda ta tafi har ƙasa kana danna iska, kwana tana gabanka.

SADIYA: Innalillahi.

MASTA IDI: Kuma ba 'yan tsere kaɗai ba. Direban da ke gangarowa daga tsaunin Kwawu zuwa Nkawkaw, ko daga Aburi, ƙafarsa a kan birki bai sa ƙaramin giya ba, irin wannan take samunsa. Abin da ya fi ba ni tsoro, bayan mintuna kaɗan mai ya huce, feda ta dawo daidai, sai mutum ya ce ai ta warke. Man da ya taɓa tafasa a fitar da shi.

NUHU: Akwai lokacin da feda take da tauri amma motar tana ta tafiya, ga wari.

MASTA IDI: Wannan fad ne ya ƙone, ba mai ba. Feda da tauri, fad. Feda ta yi laushi ta nutse, mai ko iska. Ka rarrabe su, kar ka kashe kuɗi inda ba ciwo.

SADIYA: To wanne mutum zai saya?

MASTA IDI: Wanda zai shiga fili jefi-jefi, DOT 4 mai kyau, sabo fil, ya ishe shi farawa. Wanda motarsa ke da nauyi da gudu sai ya hau na tsere. Motul RBF 600 yana kai 312 yana sabo, amma da ya jiƙe sai ya faɗo ɗan sama da 200. Castrol SRF ko ya jiƙe yana riƙe 270, shi ya sa yake da tsada. Ni dai ra'ayina, gara DOT 4 na yau da na tsere da ya shekara biyu a mota. Yaro zai sayi mai tsada, saboda tsadar ya ƙi canzawa, ya ga kamar asara ce. Ka sayi wanda aljihunka zai iya zubarwa akai-akai.

NUHU: DOT 5 fa? Ai ya fi 4.

MASTA IDI: Kul! DOT 5 da silikon ake yin sa, launin shunayya ne, ba ya haɗuwa da sauran, kuma bai dace da mota mai ABS ba, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an danne birki. DOT 3, 4 da 5.1 dangi ɗaya ne, suna gaurayuwa, sai dai na ƙasa zai ja na sama ƙasa. Man giya ko man inji kuwa kada ɗigo ya shiga, robobin ciki kumbura suke yi, sai an canza su duka.

SADIYA: Yaushe ake canzawa?

MASTA IDI: Motar gida, duk shekara biyu, haka yawancin kamfanoni suka ce. Motar tsere, a zuba sabo gaba ɗaya kafin a fara shiga fili, sannan kafin kowace fita a fidda wanda ke cikin kalifa, don shi ne ya fi dahuwa. Galibi ana farawa da ƙafar da ta fi nisa da masta silinda, wato famfon da feda ke turawa, amma a duba littafin motar. Mai zuba kada ya bar tanki ya ƙafe, iska za ta shiga a koma farko. Kuma kada a yarda da launi: mai yana iya zama garau alhali ya sha ruwa. Akwai ɗan abin gwaji da ake tsomawa.

NUHU: Ragowar kwalbar da na buɗe fa, Masta?

MASTA IDI: Tun ranar da ka fasa hatimi ta fara shan laima. Sayi ƙananan kwalabe, abin da ya rage ya yi watanni a shago kada ya shiga motar tsere. Ko nan ne ko Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta Accra, kwalbar da hatiminta ya taɓu, ko man da aka ɗura a wata gora, ka bar wa mai shi. In ya zuba a fenti ka wanke da ruwa nan take, yana ci.

SADIYA: Bayan an gama zagaye kuma?

MASTA IDI: Ka yi zagaye ɗaya a hankali iska ta bugi faifai. Da ka tsaya, ɗauke ƙafa daga feda, kada ka ja birkin hannu, sa giya ko katako a taya. Mota a tsaye babu iska, lokacin ne zafi yake taruwa a kalifa, wani a wurin ajiye mota mansa yake tafasa, sai ya fito zagaye na gaba ya tarar babu feda. Taka ka ji kafin ka motsa.

NUHU: Masta, tawa tana waje.

MASTA IDI: Shigo da ita, ka riƙe min feda in kwance noti in fidda man.

SADIYA: To masu sauraro, mako mai zuwa zancen fad da faifai za mu yi. Masta, Allah ya ƙara girma.

MASTA IDI: Amin, 'yata. Ku gaida gida.