Sukuru ko siminti wajen kafa hular haƙori a kan dashe

Assalamu alaikum 'yan uwa likitocin haƙori da ɗalibai, barkanmu da wannan lokaci. Toh yau maganar ɗora hula a kan dashe za mu yi, wato bayan ƙarfen titaniyam ɗin da aka dasa a madadin saiwar haƙori ya gama kama ƙashin muƙamuƙi. Ko dai a ɗaure ta da sukuru, ko a manna da siminti.

Hular da ake ɗaurewa da sukuru tana da ɗan rami a samanta. Ta nan sukuru yake shiga. Ka ɗaure da ma'aunin ɗauri, yawanci nuton-santimita 30 zuwa 35, amma dai ka bi abin da kamfanin ya rubuta, sai ka cusa tef ɗin Teflon ka toshe da kwamfozit, wato farin abin cike haƙori. Ranar da hular ta tsage ko sukurun ya yi sako-sako, buɗe ramin kawai za ka yi ka kwance ka gyara ka mayar. Ni gaskiya abin da ya sa na fi sonshi kenan.

Siminti kam ya fi kyan gani tunda ba rami, amma fa nan ne nake so ku natsu. Dasashi ba ya riƙe dashe kamar yadda yake riƙe haƙorin asali, shi ya sa in ka danna hular ragowar simintin sai ta zurara can ƙasa inda idonka bai kai ba, ƙwayoyin cuta su samu mafaka, wurin ya kumbura yana jini, ƙashi ya fara zaizayewa shiru-shiru. Akwai binciken 2009 da ya samu ragowar siminti a kashi 81 cikin 100 na dashen da ke da alamun wannan ciwo. Kuma kar ka ce ai na ɗauki hoton eksire, wanda ya maƙale ta gefen kunci ko harshe sau da yawa ba ya fitowa.

Toh yaushe za a sa siminti? In dashen ya karkace har ramin zai fito ta gaban haƙori, wurin murmushi. Duk da yanzu akwai sukuru mai karkataccen rami da ke gyara kusan digiri 25. In siminti ya zama dole, kar bakin hular ya nutse sosai cikin dasashi, ka shafa ɗan kaɗan, sannan ka fara danna ta a kan kwafin abotmen (sandar da ke haɗa dashe da hula) a waje, rarar ta fita ka goge kafin ka kai bakin majinyaci.