Ina Mai Tafiya A Ƙasa Zai Bi A Tsakiyar Kano?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Wata Asabar da rana na tsaya a bakin titin IBB, daidai inda mutane ke fitowa daga Kantin Kwari su nufi wajen Ƙofar Wambai. Na ga wata dattijuwa, ƙullin atamfa a ka, jikanta a hannu, tana son ta tsallaka. Ta sa ƙafa, adaidaita sahu ya danno, ta ja baya. Ta sake sawa, mai kura ya taho da kaya, ta koma. Bayanta ma babu wurin tsayawa, domin tebura ne jere har bakin kwalta, ƙarƙashinsu kuma kwata ce a buɗe. Sai da wani ɗan dako ya sauke kayansa, ya ɗaga hannu ya tare hanya, ya ce mata, "Taho, Iya, mu je," sannan Allah ya haye da ita.

Nan fa ita ce cibiyar kasuwancin da muke tinƙaho da ita, inda fatake ke zuwa sari daga Nijar da Chadi da Kamaru. Tambayata a yau guda ɗaya ce, kuma zan yi ta nanata ta har lokacina ya ƙare: a cikin duk wannan gyaran birni da ake yi mana, ina mai tafiya a ƙasa zai bi?

Babu mai adalcin da zai ce ba a yi aiki a Kano ba. A zangon Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka yi gadar sama ta Ƙofar Nassarawa, aka haƙa gadojin ƙasa a Gadon Ƙaya da Kabuga, aka kuma fara doguwar gadar Sabon Gari a titin Murtala Muhammad. Ganduje ya ƙarasa ta, aka sa mata sunan Aminu Ɗantata. Ya yi ta Dangi da aka buɗe a 2021, da ta Hotoro da aka buɗe a farkon 2023. Kafin 2023 ta ƙare, Abba Kabir Yusuf ya ƙaddamar da aikin gina ta Tal'udu da ta Ɗan Agundi. Magoya bayan waɗannan gwamnatoci ba sa ga maciji da juna, amma a kan abu guda bakin shugabanninsu ya zo ɗaya: kowa ya hau, mota yake fara yi wa hanya.

To, wa ke da motar? Ku tsaya a Bata da safe ku kalli masu shiga Sabon Gari da Singa. Mafi yawansu adaidaita sahu ne ya sauke su, su ƙarasa da ƙafa. 'Yan dako da ƙafa suke. 'Yan makaranta da ƙafa suke. Matan da suka zo haɗa kayan ɗaki da ƙafa suke. Shi kansa Alhajin da ya zo a babbar mota, da zarar ya kulle ta ya nufi shagonsa ya shiga sahun masu tafiya a ƙasa. Gadar da ke bisa kansu tana ɗauke wanda zai wuce ne. Wanda ya zo ciniki, wanda shi ne ya sa wurin ya zama kasuwa, an bar shi a ƙasa yana turereniya da injin.

Za a ce mini ai gadoji sun rage cunkoso, kuma kowane babban birni da su yake ado. Na yarda a Hotoro, inda manyan motoci daga hanyar Maiduguri ke haɗuwa da masu bin hanyar kewaye, mai yiwuwa gada ce maganin. Amma Hotoro ba Kwari ba ce. Cunkoson tsakiyar gari na masu tsayawa ne: mai sauke fasinja, mai ɗaukar kaya, mai neman wurin ajiye mota, mai son tsallakawa. Ko gada bakwai ka jera a kan juna, wannan ba zai gushe ba, domin mutanen nan ba sama za su je ba.

Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a farkon 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, adaidaita sahu ya zama ƙafar talakan Kano. Fiye da shekara goma ke nan. A titin da ya fi kowane cika, ina wurin da aka keɓe aka ce nan ne za ka tsaya ka sauke fasinja? Ɗan adaidaita ya tsaya a inda ya samu, jami'in hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa, KAROTA, ya kama shi, a yi ta cacar baki, bayansu kuma layi ya miƙe. Kullum sai a ce direbobi ba su da tarbiyya. Wasu kam ba su da ita. Amma ta yaya za ka hukunta mutum a kan ya tsaya a inda bai dace ba, alhali ba ka tanadar masa inda ya dace ba?

Yanzu ku lura da irin ayyukan da ke yin jinkiri, domin a nan ne raina ya fi ɓaci. Titin Wuju-Wuju, wanda aka tsara a rufe kwarin Jakara a shimfiɗa hanya a kai, tun zangon Kwankwaso na biyu aka fara shi. Ya tsaya shekara da shekaru. Mutanen unguwannin da ya ratsa suka zauna da ruwa mai wari da sauro da bola a bakin ƙofa, yara suna wasa a gefen ramin da aka haƙa aka bari. Wannan aiki ne da zai buɗe wa cikin gari numfashi, ya kuma raba dubban gidaje da ƙazanta. Shi aka bari ya kwana, a daidai lokacin da gadoji ke tashi a wasu wurare. A 2016 aka sanar da yarjejeniyar jirgin ƙasa na cikin gari da wani kamfanin Sin, a kan dala biliyan 1.85. Gwamnatin da ta sa hannu ta yi zango biyu ta sauka a 2023 ba a ga tarago ko ɗaya ba. Abin da zai ɗebi talakawa da yawa a lokaci guda, shi ne ke tsayawa a takarda. Abin da za a iya yanke masa kyalle a gaban kyamara, shi ake samar wa kuɗi. Haba jama'a! Sau nawa za a yi mana haka kafin mu gane cewa zaɓi ne ake yi?

Akwai masu cewa laifin 'yan tebur ne, su suka cinye gefen titi. Wannan magana rabin gaskiya ce, rabin da ya fi sauƙin faɗa. Mai teburin nan yana biyan kuɗin tikiti, wani yana karɓa. Kuma ba mai tebur ne ya yanka bakin Filin Idi na Ƙofar Mata ya gina shaguna ba. Ba shi ne ya jera gine-gine a jikin badala ba. Da takardar hukuma aka yi waɗannan. A watan Agustan 2022 ruwan sama ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa dilolin atamfa da shadda, 'yan kasuwa kuma suka nuna da yatsa inda aka yi gini a kan hanyar ruwa. Wa ya ba da izini? Ba mai sayar da lemo a faranti ba ne.

Sai sabuwar gwamnati ta zo a 2023 da katafila. Cikin watan Yuni aka rushe gine-ginen tsohon otal ɗin Daula, da shagunan Filin Idi, har da shataletalen ƙofar gidan gwamnati. Wasu suka yi murna, wasu suka yi kuka. Babbar kotun tarayya ta ce a biya masu shagunan Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ni ina cikin masu ganin cewa bai kamata a yi gini a waɗannan wurare ba tun farko. Amma ku duba lissafin: an sayar da filin jama'a, an gina, an rushe, an biya diyya da kuɗin jama'a. Shekaru sun tafi, dukiya ta salwanta. Dattijuwar nan da na gani har yau a bakin kwalta take tsaye. Rusau yana kwashe gini ne kawai, ba ya shimfiɗa wa kowa hanyar tafiya. Ina mai tafiya a ƙasa zai bi?

Abin takaicin, Kano ba baƙuwar tsari ba ce. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya kafa kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, hanyoyin birni daga ƙofofi suke tasowa su nufi kasuwa da fada, an yi su ne daidai mutum da jakinsa. Bayan samun 'yancin kai ma an zauna an rubuta tsarin shekara ashirin na babban birnin Kano, daga 1963 zuwa 1983, wanda masana ke kira tsarin Trevallion. Ko me za a ce game da shi, aƙalla an hango gaba fiye da wa'adin mutum ɗaya. Yau kowane gwamna da tasa taswirar a aljihu, ta shekara huɗu. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin a faɗaɗa titi, aka sake gina wata. Ƙofar da ta yi ɗaruruwan shekaru ta kauce wa mota. Ban taɓa jin an ce mota ta kauce wa mutum ba.

Na san amsar da ke tafe: ai an yi gadojin tsallaka titi, mutane ne ba sa hawa. To, a gaya mini yadda mai kura zai hau matattakala da buhu goma. A gaya mini yadda gurgu zai hau da kekensa, ko mai tsohon ciki, ko tsoho mai ciwon gwiwa. Wanda ya zana gadar bai taɓa ɗaukar kaya a ka ba. A wurin da mutane suka fi motoci yawa, a ƙasa ake tsallakawa: a sa danja, a ja layi, a tsayar da mota, mutane su wuce. Minti ɗaya da direba zai jira bai kai ƙafar yaro daraja ba.

Haka nan idan an tashi aiki. A toshe babbar hanya, a karkatar da motoci cikin lunguna, tirela da adaidaita su bi ta ƙofar gidajen mutane, ƙura ta turnuƙe masu shaguna, ciniki ya mutu. Jama'a za su yi haƙuri, Kanawa sun saba da haƙuri. Amma haƙƙinsu ne a kafa allo a rubuta ranar farawa da ranar gamawa, idan an saɓa a fito a faɗi dalili. Haƙƙinsu ne kuma hukumar tsara birane, KNUPDA, ta kai taswira gaban 'yan kasuwa da masu unguwanni da ƙungiyar 'yan adaidaita kafin katafila ta iso. Kuma a cikin kowace taswira a nuna mana da yatsa: ga inda mai tafiya a ƙasa zai bi.

Ranka ya daɗe Gwamna, da ku 'yan majalisar jiha masu amincewa da kasafi, kafin a sa hannu a kan wata sabuwar gada, a fara da titin IBB daga Ƙofar Mata zuwa 'Yan Kura. A rufe kwatocin nan da murfin siminti mai ƙwari, wanda za a iya ɗagawa a yashe. A ɗaga gefen titi a ɓangarorin biyu, mai faɗin da mutum biyu da kaya za su gifta juna, a kafa turaku yadda mota ba za ta hau ba. 'Yan tebur a ba su wuri a kusa, inda masu saye ke bi, domin in an kai su bayan gari gobe da safe za su dawo. A yanke wa adaidaita sahu wurin tsayawa a bakin Kwari da bakin Wambai, a sa danja a inda mutane suka riga suka saba tsallakawa. In an gama nan, a juya titin Ibrahim Taiwo, sannan ƙarƙashin gadar Sabon Gari.