Raunin da hanta ke ɓoyewa har ranar da za ta rabu

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To, madalla. Abu uku zan taɓo: yadda hanta ke farfaɗowa, abin da radiyeshon, wato haske mai ratsa jiki irin na eksire, ke yi wa rabuwar ƙwayoyinta, sai kuma maganar kuromosom, wato zarurrukan da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwaya.

A 1931, Higgins da Anderson a asibitin Mayo na Amurka suka yanke kashi biyu cikin uku na hantar ɓera. Ɓeran bai mutu ba, kuma cikin kamar kwana goma hantar ta dawo da nauyinta. Ragowar da aka bari ita ce ta girma. Ƙwayoyin hanta a kwance suke, da ƙyar ka ga ɗaya tana rabuwa, amma wuƙa na taɓa ta sai su tashi kusan a tare: bayan kimanin awa 24 suna kwafar DNA, sinadarin da bayanan gado ke rubuce a cikinsa, 'yan awoyi kaɗan kuma su shiga rabuwa. Kai mai murmushi, ba hantar mai tsire nake nufi ba, waccan ta gama aikinta!

Na biyu ba zan daɗe ba. Idan aka haska ɓeran da eksire kafin kwafar nan ta fara, aikin yakan jinkirta, ƙwayoyin da ke rabuwa su ragu, domin ƙwaya tana da masu gadi irin su p53 da ke tsayar da ita har a ɗinke abin da ya tsinke.

To, ga inda nake so mu zauna. Tun 1906 Bergonié da Tribondeau a Faransa suka nuna cewa ƙwayar da ke yawan rabuwa ita ta fi jin radiyeshon. Saboda haka aka daɗe ana ganin hanta ba ruwanta. A haska ta, a duba, lafiya lau. Sai masu bincike suka ce bari a haska, a jira makonni, har watanni, sannan a tilasta mata rabuwa. Howard Curtis a cibiyar bincike ta Brookhaven a Amurka ya yi ta yin wannan da ƙananan ɓeraye a shekarun 1960, yana ba su guba mai kashe sashen hantar don ragowar ta motsa. Jama'a, me aka gani? Ɓarna tana nan! Watanni sun wuce, ɓarna tana nan.

Kamar shadda ce da asu ya ci a cikin akwati. A ninke take, sai ranar sallah da aka warware ta ake ganin hujin.

Ku leƙa madubin ƙara girma tare da ni. Ƙwaya za ta rabu, kuromosom sun jeru a tsakiya, kowanne da mariƙi ɗaya da ake jansa da shi, ana jan rabi dama, rabi hagu. Wanda ya karye ya haɗu da wani karyayyen yana da mariƙa biyu, wannan gefe na ja, wancan na ja, sai ya miƙe tsakaninsu kamar zare har ya tsinke. Shi ake kira gada. Guntun da ba shi da mariƙa kuwa ba mai jansa, a bar shi a tsakiya, daga baya ya dunƙule ya zama 'yar cibiya a gefe. Waɗannan ake ƙirgawa, ɗaya bayan ɗaya, da ido. Ina girmama haƙurin mutanen nan ƙwarai. Kuma Curtis ya ga ko ba radiyeshon, ɓarnar na ƙaruwa da tsufa.

Ƙari ɗaya, Thorotrast, wani ruwa mai fitar da radiyeshon da ake yi wa mutane allurarsa don ɗaukar hoto daga shekarun 1930 zuwa 1950. Ya zauna a hanta yana haska ta daga ciki, bayan shekaru ashirin, talatin, ciwon daji ya fito... Na'am, ga hannu can.

"Malam, to mu daina yin hoton ƙirji ke nan?"

A'a, 'yata, kada ki daina. A ma'aunin radiyeshon, hoton ƙirji ɗaya bai wuce kamar milisibat 0.1 ba, alhali abin da mutum ke samu daga ƙasa da iska da sama a shekara ya kai kusan 2.4. Abin da aka zuba wa ɓerayen nan ya ninka haka sau dubbai. Idan hantarki kike ji wa tsoro a ƙasar nan, ciwon hanta nau'in B da gubar afalatoksin ta gyaɗa da masara masu funfuna su ne ke sa ta mutuwa da rabuwa ba hutu. Ki je a gwada jininki, in babu ciwon ki karɓi allurar rigakafi. Akwai wata tambayar?