Sharhi: Allurar Sanƙarau Ta Wane Nau'i Aka Yi Maka?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Da zarar hunturu ya kama, ƙura ta tashi, an shiga lokacin sanƙarau ke nan, kuma ba ya lafawa sai damina ta sauka, wato daga Disamba zuwa wajen Yuni. Arewacin Najeriya da kudancin Nijar suna tsakiyar yankin da cutar ta fi ɓarna, wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha. Busasshiyar iska da ƙura suna tsattsage fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar cutar ta samu ƙofar shiga jini, daga nan ta kai ga mayafin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya.

Akwai maganar da ma'aikatan lafiya ke yawan ji daga bakin matasa: "Ai ni an yi mini allurar sanƙarau tuntuni." A nan haɗarin yake, domin ƙwayar ba iri ɗaya ba ce. Nau'o'i shida ne suka fi haddasa ciwo: A, B, C, W, X da Y, kuma rigakafin wani ba ya tare wani. Nau'in A ne ya jawo annobar 1996, wadda ta kama mutum sama da 250,000 a Afirka, ta hallaka kimanin 25,000. Allurar MenAfriVac da aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta iso Najeriya a 2011, ta karya lagon nau'in A har ya kusa ɓacewa. Babban aiki ne, amma nau'in A kaɗai ta shafa. A 2013 wani sabon nau'in C ya ɓullo a yankin Sakkwato, ya shiga Kebbi a 2014, ya yi ɓarna a Yamai a 2015, sannan a ƙarshen 2016 ya tashi daga Zamfara, ya kama fiye da mutum 14,000, sama da 1,100 suka rasu. Saurayin da aka yi wa allura yana yaro a zagayen MenAfriVac, ba shi da kariya daga C, ko W, ko X.

A watan Maris na 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da Men5CV, allura ɗaya mai tare nau'o'i biyar: A, C, W, Y da X. An fara da Jigawa da Bauchi da Yobe, ga 'yan shekara 1 zuwa 29. Ba ta haɗa da nau'in B ba, wanda ya fi damun Turai da Amurka kuma yake da tasa allurar daban.

Me ya sa aka kai har shekara 29? Kusan mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da ƙwayar a maƙogwaronsa lafiya lau, bai san da ita ba, kuma 'yan makaranta da matasa ne suka fi ɗaukarta. Tari, atishawa, shan ruwa a kofi ɗaya, zagaya bututun shisha daga baki zuwa baki, kwana mutum ashirin a ɗaki an toshe tagogi saboda sanyi, duk hanyoyi ne. Shi ya sa makarantun kwana, tsangayu, ɗakunan kwanan jami'a, barikoki da sansanonin 'yan gudun hijira suke kan gaba. Irin wannan allura tana rage zaman ƙwayar a maƙogwaro, saboda haka yi wa matashi ita kariya ce ga ƙanensa da kakarsa. Sai dai jiki na bukatar kwana 10 zuwa 14 kafin kariyar ta kankama; wanda ya jira sai an fara ɗaukar gawa a unguwa, ya makara.

Daga kamuwa zuwa bayyanar ciwo kan ɗauki kwana 2 zuwa 10, galibi 4. Yana farawa da zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, amai, ƙin haske, sanƙarewar wuya har mutum ya kasa kai haɓarsa ƙirji, sannan ruɗewa ko jijjiga. Wani lokaci jini kan fito ɗigo-ɗigo a ƙarƙashin fata, kuma ba ya dusashewa ko an danna shi da kofin gilashi. A baƙar fata ba ya saurin ganuwa, sai a duba tafin hannu, tafin ƙafa da cikin fatar ido.

Inda ake yawan asarar rai shi ne kwanan farko. A ce zazzaɓin cizon sauro ne, a je kemis. In majinyaci ya fara sambatu a ce iska ce. Alhali cutar na iya kashe mutum cikin awa 24, kuma idan ba a yi magani ba, kusan rabin waɗanda suka kamu na iya rasuwa. Maganinta allurar ceftriaxone ce a asibiti, a lokacin annoba akan yi ta kwana biyar a jere, kuma ba a jiran sakamakon gwaji kafin a fara. Iyaye da dama kan ƙi yarda a ɗebi ruwan ƙashin baya, suna tsoron shanyewar ƙafa. Ana soka allurar ne a ƙasa da inda lakar baya ta ƙare, kuma da wannan ruwan ake gane nau'in da ke yawo, wanda a kansa ake neman allurar da ta dace da garin. Cikin waɗanda suka tsira, kusan ɗaya cikin biyar kan tashi da kurumta, farfaɗiya ko raunin koyo, don haka a gwada jin majinyaci bayan sallama.

Shugaban makaranta ko alaramman da ɗalibi ɗaya ya nuna waɗannan alamu a wurinsa, ya kai shi asibiti nan take, ya sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar, ya rage cunkoson ɗakin kwana, ya ba likita sunayen abokan kwanan yaron domin a duba ko za a ba su maganin kariya. Maniyyata kuwa, tun bayan ɓarkewar nau'in W a aikin Hajjin 2000, Saudiyya ke neman shaidar allurar A, C, W da Y, wadda aka yi aƙalla kwana 10 kafin isa ƙasar.