Yadda ake riƙe kaifin takalmi a zamiyar ƙanƙara

Masu kallo barkanmu da warhaka. Ku dubi ƙarfen da ke ƙarƙashin wannan takalmin zamiya da kyau. Daga nesa kamar wuƙa ɗaya ce, amma idan aka juyo da shi sama za ku ga an ƙwaƙule tsakiyarsa, ya yi ɗan kwari daga gaba har baya. Faɗinsa duka kusan milimita 4 ne, kuma wannan kwarin ya raba shi gida biyu: kaifin ciki, wanda ke kallon ɗaya ƙafar, da kaifin waje. Duk wani lanƙwasa da juyi da tsalle da kuke gani a gasar Olamfik, daga ɗayan waɗannan biyun yake tashi.

A da, kafin a yarda mutum gwani ne, sai ya zana siffofi a kan ƙanƙara da ƙafa ɗaya. Mafi sauƙinsu ita ce lamba 8: da'ira biyu manne da juna, kowace faɗinta kusan ninki uku na tsayin mai zamiyar. Ya tura sau ɗaya, ya zagaye, ya dawo inda ya fara, ya canja ƙafa ya zana ta biyun, sannan ya maimaita a kan sawun farko. Alƙalai kuwa har sunkuyawa suke yi suna duba layin. Kafin 1968 wannan ɓangare shi ke ɗauke da kashi 60 cikin 100 na maki. A gasar Olamfik ta 1972 a birnin Sapporo na Japan, Trixi Schuba 'yar Ostiriya ta ci zinare ne saboda tazarar da ta bayar a nan, duk da cewa Janet Lynn ta Amurka ce ta burge 'yan kallo a zamiyar kiɗa. Hukumar wasan zamiya ta duniya, ISU, ta cire siffofin daga gasannin duniya bayan 1990, don dai ba abin da talabijin ke so ba ne. A ganina an yi asara, kuma masu horarwa da yawa har yau suna mayar da ɗalibansu kan waɗannan siffofin.

To yaya ake samun kaifi mai tsabta?

Ku kalli wannan sawun. Layi ɗaya ne siriri, alamar mutum yana kan kaifi ɗaya. Ga wani kuma, layi biyu a jere. Wannan ya tsaya a kan tafin ƙarfen ne, kaifi biyun duka suna taɓa ƙanƙara, kuma a wajen alƙalan wancan zamani, kuskure ne babba. Shi ya sa ake son yin atisaye a kan ƙanƙarar da aka share yanzu, wadda ba kowa ya taka ba. Ka yi da'ira ɗaya, ka tsaya, ka koma ka karanta abin da ƙafarka ta rubuta.

Abin da ya fi kayar da sabon shiga shi ne lanƙwasa idon sawu don neman kaifi. Ƙafar ta karye gefe, jiki yana tsaye ƙyam, sai layin ya riƙa rawa. Kaifi daga jiki gaba ɗaya yake fitowa. Ka tuna mai babur idan zai sha kwana, shi da babur ɗin tare suke kwantawa. Haka nan ma: daga ƙarfe zuwa ƙugu zuwa kai, layi ɗaya madaidaici, ya karkata zuwa cikin da'irar. Kaifin waje ya fi ba mutane tsoro, domin ɓangaren da kake kwantawa babu wata ƙafa da za ta tare ka.

Gwiwar da kake tsaye a kai kada ta sandare. Ka durƙusa a kanta lokacin turawa, ka ɗago a hankali. Turawar kuma da gefen ƙarfe ake yi, ban da haƙoran da ke gaban ƙarfen, in ba haka ba za ka bar rami a tsakiyar siffar.

Sai kafaɗu. Da'ira tana jan jiki ya juya fiye da kima, musamman a kaifin waje na gaba. Idan ka saki kafaɗu suka riga ƙugu, da'irar za ta tsuke, ka dawo ba ka kai wurin farawa ba. Ka riƙe su har rabin hanya, sannan ka canja hannuwa sannu a hankali, kusa da jiki, ƙafar da ke sama ita ma ta wuce gaba dab da ɗayar. Idan ka yi jifa da ita, a take za ka ga ƙullutu a layin. Idanu na iya bin sawun, amma kada kai ya faɗo gaba ya janye nauyi zuwa yatsu.

Akwai ruwan wasa ƙarfe ma a ciki. Masu zana siffofi sun fi son kwarin da bai yi zurfi ba, don ya fi sulɓi kuma turawa ɗaya takan kai mutum ƙarshen da'ira. Idan kuma ka lura ɓangare ɗaya yana kama ƙanƙara, ɗayan yana zamewa, kafin ka zargi ƙafarka ka kai wa mai wasa takalmin ya duba ko kaifin biyu sun yi daidai da juna.