Gyaran tsohon kwale-kwalen alminiyam kafin ƙanƙara ta narke a Minnesota

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina magana da ku ne daga gareji a jihar Minnesota ta ƙasar Amurka, kuma abin da kuke gani a bayana shi ne kwale-kwalen kamun kifi na alminiyam mai tsawon ƙafa 14, wanda na saya hannu na biyu tare da injinsa da tirelar jansa. A wannan lokaci na ƙarshen hunturu tafkuna suna daskare har yanzu, ba kuma za a buɗe kamun kifin da ake kira walleye ba sai wajen tsakiyar watan Mayu, saboda haka duk mai jirgi yanzu ne yake duba kayansa.

Jihar nan tana da tafkuna 11,842 idan aka ƙidaya waɗanda faɗinsu ya kai eka 10, shi ya sa irin wannan jirgi ya zama kayan gida kamar keke ko injin yankan ciyawa. A nan aka kafa kamfanin ƙera jirage na Alumacraft a birnin Minneapolis a 1946, aka kuma kafa takwaransa Lund a ƙaramin garin New York Mills a 1948, kuma har gobe za ka tarar da jiragen da suka haura shekara 40 suna aiki. Alminiyam ba ya ruɓewa, ba ya kuma yin tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, amma wannan ne yake yaudarar mai saye, domin ba alminiyam kaɗai ne a jikin jirgin ba. Akwai katako, akwai soso, akwai ƙusoshi, kuma waɗannan duka suna tsufa a wuraren da ido ba ya kaiwa.

Bari mu fara daga baya, inda ake ɗaura inji. Wannan bango na ƙarshen jirgi shi ne yake ɗauke da nauyin injin da kuma dukan ƙarfin turawarsa, kuma a cikinsa akwai falankin filawud da aka sa tsakanin alminiyam domin ya ba shi ƙwari. Ku duba yadda sukundireba take nutsewa cikin tsohon katakon da na ciro ba tare da na matsa ba. Ruwa ne ya riƙa shiga ta ramukan noti shekara da shekaru, hunturu ya zo ya daskarar da shi, bazara ta narkar, har katakon ya zama gari. Idan za ku sayi tsohon jirgi, ku ɗaga ƙafar injin sama ku girgiza ta da ƙarfi; in kun ga bangon yana lanƙwasa yana komawa, to ku sa kuɗin sabon katako cikin lissafinku kafin ku yi ciniki.

Na yanka sabon falanki guda biyu a kan siffar tsohon, na manne su da gam ɗin da ba ya jin ruwa, sannan na shafe su da ruwan epoxy, wato wani gam mai tauri da ke hana ruwa shiga, musamman gefe-gefe inda filawud ke shan ruwa. Kowane rami na huda shi ya ɗan fi girman notin, na cika shi da epoxy, bayan ya bushe na sake hudawa daidai, ta yadda ko ruwa ya bi jikin noti ba zai taɓa katako ba. A nan akwai gargaɗin da nake so kowa ya riƙe. A shagunan kayan gini ana sayar da katako mai launin kore-kore wanda aka dafa da magani don kada ya ruɓe, kuma mutum zai ɗauka shi ne ya fi dacewa da jirgin ruwa. Tun daga 2004 maganin da aka fi sa wa irin wannan katako a Amurka yana ɗauke da jan ƙarfe mai yawa, shi kuwa jan ƙarfe idan ya haɗu da alminiyam a cikin danshi, alminiyam ɗin ne yake cinyewa, sai ka ga ƙananan ramuka sun fito a jikin jirgi kamar an tsattsaga shi da allura. Saboda wannan dalili ne ma ba a shafa wa ƙasan jirgin alminiyam fentin hana gansakuka mai jan ƙarfe a ciki.

Sai batun yoyo. Wannan jirgi ba walda aka yi masa ba, an haɗa shi ne da ɗaruruwan ƙusoshin ribit, kuma duka da igiyar ruwa ke yi masa yana sa wasunsu su saki. Hanyar gano su mai sauƙi ce: a ɗora jirgin a kan tirela, a toshe ramin fitar ruwa, a zuba ruwa a ciki gwargwadon abin da zai rufe ƙasansa kawai, domin in an cika shi nauyin zai iya lanƙwasa jirgin ko ya karya tirelar, sannan a shiga ƙarƙashi da tocila da alli. Duk ƙusar da ta yi ɗigo a zagaye ta. Waɗannan da'irori da kuke gani su ne nawa. Wadda ta saki kaɗan, mutum ɗaya ya tokare kanta da guduma mai nauyi daga waje, ɗaya kuma ya daddake ta daga ciki har ta kama. Wadda ta lalace a huje ta a cire, a sa sabuwa ta alminiyam tare da gam ɗin jirgi. Na ga mutane suna shafe ƙasan jirgi gaba ɗaya da kwalta ko silikon, kuma a ganina wannan ɓoye ciwo ne, domin ƙusar tana nan tana motsi a ƙarƙashi, kuma ranar da za a zo gyaran gaskiya sai an sha wahalar kankare abin da aka shafa.

Yanzu ku matso ku ga abin da ke ƙarƙashin bencin zama. Wannan soso ne, kuma ba don laushi aka sa shi ba. Dokar Amurka ta tanadi cewa ƙananan jirage masu injin baya waɗanda ba su kai ƙafa 20 ba su kasance da abin da zai hana su nutsewa ko da ruwa ya cika su, kuma tun 1978 aka ƙara da cewa su tsaya a miƙe a saman ruwa, yadda mutanen ciki za su sami abin riƙewa. Wanda na tarar a bencin baya ya sha ruwa ya yi nauyi, wato maimakon ya ɗaga jirgi sai ya zama kaya. Na maye gurbinsa da sabon soso mai rufaffen ƙwaya wanda ba ya shan ruwa, na kuma bar hanya a ƙasa domin ruwa ya riƙa gangarawa baya.

Wannan ne ya kawo ni ga abin da ya fi damuna game da yi wa jirgi kwaskwarima. Yayi ne yanzu mutum ya cire bencin tsakiya, ya shimfiɗa dandamali mai tsawo, ya lulluɓe shi da kafet, ya kafa kujeru masu juyawa, ya ƙara batir biyu da akwatin ajiye kifi da rai. A hoto abin yana da kyau ƙwarai. Sai dai bencin da aka cire shi ne yake riƙe da haƙarƙarin jirgin kada ya buɗe, kuma a cikinsa soson yake. Falankin filawud ɗaya mai kaurin inci uku bisa huɗu yana kusan kilo 30, babban batir ya haura kilo 20, kuma duk wannan nauyi daga cikin abin da jirgin zai iya ɗauka ake cire shi. Ga wannan ɗan faranti da ke manne kusa da wurin direba. Yana nuna yawan mutane, da jimillar nauyi, da iyakar ƙarfin injin da aka yarda a ɗaura. Wanda ya ƙara kaya masu nauyin mutum guda ya sani cewa ya rage kujera ɗaya, ko da farantin bai canza ba. Bugu da ƙari, tsayuwa a kan dandamali mai tudu a cikin siririn jirgi tana sa ya riƙa tangaɗi, ruwan watan Mayu kuwa a nan sanyinsa yana ɗauke numfashin mutum da zarar ya faɗa. Mu da muka taso muna jin labarin kifewar jirage a kogin Kwara, kamar wanda ya faru kusa da Wara a jihar Kebbi a watan Mayu na 2021, bai kamata a yi mana dogon bayani a kan lodi fiye da kima ba. Ni dai abin da na ƙara shi ne ɗan dabe mara tudu na alminiyam a gaba, da maƙalan sandar fatsa, da akwatin batir a tsakiya domin nauyi ya daidaita, benci kuwa ko ɗaya ban cire ba.

Wayar wuta ba ta da yawa a nan: fitilun dare, da famfon kwashe ruwa, da na'urar nuna zurfi. Na yi amfani da wayar jirgi mai rufin kuza, na sa fis dab da kan batir, kuma kowace na'ura tana da wayarta ta komawa. Ba a mayar da jikin jirgi wayar ƙasa kamar yadda ake yi a mota, domin wutar da ke bi ta alminiyam tana cin sa.

Injin tsoho ne mai ƙarfin doki 15, irin wanda ake gauraya masa fetur da mai. Yawancin injinan Johnson da Evinrude da aka ƙera daga 1964 zuwa sama suna shan kashi 1 na mai cikin kashi 50 na fetur, wato tankin galan 6 yana buƙatar kusan mililita 450, amma kowa ya duba littafin injinsa. An daina ƙera Evinrude a 2020, sai dai kayan gyaransa suna nan a kasuwa. Abin da na fara canzawa shi ne 'yar robar famfon ruwa da ke cikin ƙafar inji, wadda take tura ruwan sanyaya shi. Idan ta bushe fikafikanta suna karyewa, kuma ko na ɗan lokaci kaɗan ba a tayar da injin a kan tudu ba tare da an ba shi ruwa ba. Na sauke man giya na duba launinsa, domin in ya fito fari-fari kamar madara, ruwa yana shiga ta hatimin roba ke nan. Na wanke kafireto, na sa sabbin fulogi, na kuma canza tiyon fetur. Tun 1997 fetur ɗin da ake sayarwa a jihar nan yana da kashi 10 cikin 100 na ethanol, wanda yake jan danshi yana kuma cinye tsohuwar roba, don haka nake neman gidan mai da ke sayar da wanda ba a gauraya ba, wanda doka ta yarda a zuba wa jirage da ƙananan injina.

Fenti na bar shi ƙarshe, kuma ba zan daɗe a kansa ba. A goge da samfefa, a wanke maiƙo, a fara da fentin shafin farko na musamman da ke kama alminiyam, sannan a bi da launin da ake so siriri-siriri.

Tirela ma na buɗe ƙafafunta na wanke boris na cusa sabon giris, domin kullum ana tsoma su cikin ruwa da zafinsu bayan tafiya. Game da ita akwai dokar da baƙo ya kamata ya sani kafin ya hau titi: a Minnesota wajibi ne a cire toshiyar ramin ruwa a bar shi a buɗe muddin ana jan jirgi, a kuma tsince duk ciyawar da ta maƙale. Dalili shi ne wata 'yar ƙaramar kumba mai zane da ta shigo Manyan Tafkunan Arewacin Amurka cikin ruwan jiragen dakon kaya a ƙarshen shekarun 1980, wadda 'ya'yanta ba sa ganuwa da ido kuma suna iya bin ragowar ruwa daga tafki zuwa tafki. Jami'ai suna tsayawa a mashigar ruwa suna dubawa, kuma ana cin tarar wanda ya saɓa.

Abin da ya rage mini shi ne sabunta rajistar jirgin, wadda ake yi duk shekara 3, da sayen lasisin kamun kifi, da gwada rigunan ceto a jikin yara, tunda doka ta ce duk wanda bai kai shekara 10 ba sai ya sa tasa muddin jirgi yana tafiya. Da zarar ƙanƙara ta janye, in Allah ya yarda, zan kai shi ƙaramin tafki mara igiya ni kaɗai, in ciro dabe in zuba wa ƙusoshin nan ido, kuma zan ɗauko muku gwajin yadda ya kasance.