Ɗan kadet da kaki a kan titi: ina izinin ya tsaya?

Kun saba ganin irin wannan hoton. Yaro da wandon soja mai roɗi-roɗi, an tare shi a shingen bincike, yana ta ɗaga kati yana rantsuwa shi kadet ne. Mai yiwuwa ma gaskiya ya faɗa, amma katin ba zai fitar da shi ba.

Kadet iri biyu ne. Akwai na makarantar horar da hafsoshi ta NDA da ke Kaduna, wadda aka buɗe a 1964. Waɗannan suna ƙarƙashin dokar soja, shugabanninsu ke faɗa musu lokacin sa kaki da lokacin tuɓewa. Sai 'yan ƙungiyar kadet na sakandare da manyan makarantu, masu fareti da yamma. Su farar hula ne, ko da sun fi kurtu iya ƙamewa. Da su muke.

To, a natsu a nan. Sashe na 110 na kundin dokar laifuka ta Najeriya, wato Criminal Code, ya hana wanda ba soja ba sa kakin soja, ko wani ɓangare nasa, ko tufar da ta yi kama da shi. A riƙe wannan kalma, ɓangare. Ko hula ita kaɗai ma ɓangare ce. Wando da rigar ƙwallo a sama ɓangare ne. Yara da yawa sun ɗauka idan sun cire rigar sun bar wandon, sun rage laifi. Ba su rage komai ba, shigar ma ta fi jawo ido. Dokar ta bar ƙofa biyu kawai: izinin shugaban ƙasa ko gwamna, sai kuma wasan kwaikwayo da nishaɗin jama'a na gaskiya.

Hukuncin? Wata ɗaya a gidan yari ko tarar naira 10. E, goma, kuɗin da ko ruwan leda ba ya saya yau. Tsohuwar doka ce, amma wata ɗayan bai tsufa ba. Sashe na 251 kuma ya tanadi wata uku ga wanda ya sa kakin ta hanyar da za ta zubar masa da mutunci. Jihohin Arewa da Penal Code suke aiki, shi ma yana hukunta mai shigar ma'aikacin gwamnati don a zaci shi ne.

Ke nan kayan ƙungiyarka na aikin ƙungiya ne: fareti, sansanin horo, bikin da makaranta ta tura ku, a ƙarƙashin kwamandanku. Da an sallame ku, dalilin sa su ya ƙare. Inda ake faɗawa tarko shi ne hanya, tsakanin ƙofar gida da filin fareti. Don haka a ninke kayan a jaka, a fita da kayan gida, a canza a can. Idan dole a tafi da su a jiki, a tafi a ƙungiyance, da malami, da takardar makaranta mai kwanan wata, katin shaida a aljihu.

Sai batun kafaɗar kakin. Bajen makarantar ya fito fili, haka ake so. Amma anini biyu da aka sayo a kasuwa fa? Kada a kuskura. Igiya ko aninin soja a jikin ɗan aji biyar sojan gona ne, babu wani suna.

Sauran sai mu bi da gudu. Ban da taron siyasa. Ban da raka wani karɓo bashi. Ban da hawa adaidaita sahu a ƙi biya. Ban da rawar TikTok, wadda a ganina ita ta fi komai jefa yara cikin wannan rigima.

Idan kuma an riga an tare ka, kada ka gudu, kada ka ɗaga murya. Faɗi sunan makarantarka, miƙa katin, ka nemi a kira kwamandanku ko mahaifinka. Tsallen kwaɗo da bulala a bakin titi ba sa cikin sassan da muka karanto, kotu ce ke yanke hukunci. Sai dai wannan magana ce da babba zai ɗauka daga baya, a ofis, da takarda.